Katin Rigakafin Kwamfutocin Shagonmu

Ku 'yan koyo da kuka shigo shagon nan bana, kusan kowaccenku ta tambaye ni dalilin ɗan katin nan da aka manna a gefen kowace kwamfuta, mai layi-layi da kwanan wata. To, asalinsa wata ranar Talata ce da har gobe ba ta fita daga raina ba, ranar da na goyo jaririya, na rungumo laftof daga Ajingi zuwa Gaya, ina share hawaye da gefen hijabi kada mutanen cikin mota su gani.

Bari in fara da yadda aikin yake a lokacin. Ni a aji uku na ƙaramar sakandare karatuna ya tsaya. Buga rubutu a nan na koya, a hannun Malam Tasi'u mai shagon nan, ina shara ina satar kallon yatsunsa, har ya zaunar da ni a kan kujera na zama mai buga takardu ta biyu. Da aka yi mini aure aka kai ni Ajingi, na ci gaba da zuwa. Da na haifi Ummi kuwa, wadda ta ci sunan surukata Inna, sai zuwan ya gagara. Malam ya yi mini abin da bai taɓa yi wa kowa ba: ya ba ni wata tsohuwar laftof ta hannu, ya ce in riƙa aiki daga gida. Mijina, Baban Ummi, yana shigowa Gaya sau biyu a mako a kan babur, shi yake kawo mini ambulan. A ciki akwai takardun da aka rubuta da hannu, da filash ɗin Malam mai jan zare a wuya. In buga, in zuba a filash, a mayar shago a fitar a firinta.

Sharaɗi ɗaya Malam ya kafa mini. Ya ce, "Fiddausi, ranar da aikin mutane ya lalace a hannunki, laftof ta dawo shago. Ba faɗa ba ne, amana ce." Ni kuwa na san in ta dawo shago, aikin ya bar ni ke nan, don ba zan iya jigilar jaririya a hanya kullum ba.

Babban aikinmu, kamar yadda kuka gani, shi ne tambayoyin jarrabawa na makarantu masu zaman kansu a ƙarshen zango. A wannan karon makarantu uku Malam ya ba ni, ranar Alhamis za a karɓa.

Sai kun san halina a lokacin za ku gane abin da ya faru. Haihuwar fari ce, tsoro ya yi mini yawa. Ko Ummi tana barcinta lafiya lau da hantsi, sai na kai bayan hannuna goshinta sau goma. Inna takan ce, "Ke wannan yarinya, za ki goge mata goshi ya zama madubi." Ranar Lahadi na gama makarantu biyu, na tashi na ɗora tukunya. Da na dawo na taɓa goshin Ummi, sanyi ƙalau. Hannun nawa bai tsaya ba, ya sauka a kan laftof. Zafi rau! Fankarta tana ta huci, alhali ban bar komai a buɗe ba.

Na ce wa Baban Ummi, "Laftof ɗin nan zazzaɓi take yi."

Ya yi dariya har ya ajiye cokali. Ya ce, "A jiƙa mata farasitamol mana, Likita."

Washegari na kunna, sai na ga kowace folda ta fito da wata 'yar kibiya a gindinta. In na danna, wani baƙin akwati ya ƙifta ya ɓace, shi ke nan. Aikin mako guda babu shi babu alamarsa. Na kashe na kunna ya fi sau biyar. Na yi duk addu'ar da na iya. Ranar Talata da sassafe na naɗe laftof ɗin a zane, na jefa a jakar da nake zuwa asibiti da ita, na kama hanya.

Malam bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Dama na faɗa a raina. Gida ai ba shago ba ne. Wa ya sa mata fim?"

Na ce, "Wallahi Malam babu."

Ya ce, "Taso mu je wajen Injiniya."

Injiniya shi ne Nafi'u mai gyaran kwamfuta, wanda shagonsa yake kusa da tasha. Ya kunna, ya leƙa, ya yi murmushi. Ya ce, "Maman Ummi, share hawayenki. Ba su ɓace ba, bairas ne ya ɓoye su." Ya daddanna wasu 'yan haruffa, sai ga fayilolina sun fito reras. Ya kwashe su ya ajiye a wajensa. Na zauna a kan benci na yi hamdala.

Sai Malam ya ce, "To madalla. Wanke ta tas, ka mayar mata da irin ta shago, Windows 7 ɗin nan. Ita ce mai aminci. Ba ta cin data, ba ta damun mutum da saƙon afdet. In ka gama a bar ta a shago."

Ga wadda ba ta sani ba, wannan ita ake ce wa babbar manhaja. Kamar daɓen ɗaki take: manhajar rubutu da ta hoto da duk sauran kaya a kanta suke zaune. Ni ma a ranar na sani. Abin da na ji da kyau dai shi ne "a bar ta a shago." Na ga tunda aikin ya riga ya tafi, tambaya ba za ta ƙara mini asara ba.

Na ce, "Injiniya, don Allah mene ne afdet ɗin?"

Ya ce, "Kullum ɓarayin intanet suna gano wata kafa a jikin manhaja. Masu ita kuma su aiko da abin toshewa kafin cuta ta shiga. Shi ne afdet."

Na ce, "Kafin cuta ta shiga? Rigakafi ke nan."

Ya ce, "Kusan haka."

Na zura hannu a jaka na zaro katin rigakafin Ummi, wanda ba na rabuwa da shi. Na buɗe masa, ga kwanan wata layi-layi da sa hannun malamar asibiti. Na ce, "To nuna mini nata katin. Yaushe aka yi mata ta ƙarshe?"

Malam ya ce, "Ikon Allah! Yau kuma asibiti muka zo?"

Injiniya yana dariya ya buɗe wani shafi ya juyo mini da fuskar laftof ɗin. Kwanan watan ƙarshe da ke wajen, wallahi tun kafin in fara shara a shagon nan ne. Ya ce kwafin Windows 7 ɗin da ke cikinta ba na asali ba ne, wanda ya saka shi tun farko ya rufe hanyar afdet da gangan don kada a gane. Ya ce ko da na asali ne ma, masu ita sun daɗe da sanar da cewa sun daina yi wa wannan rigakafi.

Nan na ji wani ƙarfin hali ya zo mini. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tunda laftof ɗin nan ta shiga ɗakina, ba a taɓa soka mata komai ba sai filashinka mai jan zare. Ranar Asabar aka kawo shi. Ranar Lahadi ta fara zafi."

Injiniya ya miƙa hannu, Malam ya zaro filash ɗin, wanda na mayar masa da safen nan, daga aljihun gaba. Ana soka shi a kwamfutar Injiniya, wani jan saƙo ya faso da ƙara, har Ummi ta farka a bayana.

Malam ya gyara hula. Ya ce, "Filashin nan tun buɗe shago nake aiki da shi."

Injiniya ya ce, "Ai shi ya sa, Malam. Kwamfutar da bai shiga ba a garin nan kaɗan ce."

Daga nan maganar ta koma me za a saka. Injiniya ya ce Windows 11 tana samun rigakafi, amma wannan tsohuwar ba za ta iya ɗaukarta ba. Windows 10 za ta hau, sai dai ita ma an riga an sanar da ranar da za a daina kula da ita, kuma ranar ta matso. Sai wata da ake kira Linux, kyauta ce, ba ta da nauyi. Ita ma iri-iri ce: akwai mai dogon wa'adi, wadda ake yi wa rigakafi shekara biyar, akwai kuma sabuwa fil da ake sauyawa bayan 'yan watanni. Idonsa har ƙyalli yake yi. Ya ce, "Sabuwar nan kwanan nan ta fito. Ki ga kyau!"

Na ce, "Mutum nawa ka saka wa?"

Ya ce, "Ke ce za ki zama ta farko a Gaya."

Na ce, "A'a wallahi, ba da ni za a fara ba. Ba ni wadda aka daɗe ana gwadawa, kuma ba a daina yi mata allura ba."

Malam ya ce, "Ni fa ban ce a ba ta komai ba tukuna. In ta buga, firintata za ta gane?"

Wannan tambaya ce ta gaskiya, don haka na ce ba zan tashi ba sai an gwada. Bayan azahar Injiniya ya gama sakawa. Na zauna, Ummi a cinya, na buga ƙa da ɗa da ɓa, duk suka fito. Na buga layin Larabci saboda takardun Islamiyya, ya fito daga dama yadda ya kamata. Na buɗe tsohon aikin Malam, wani tebur ya ɗan goce, Injiniya ya nuna mini yadda zan gyara in ajiye shi a PDF, wato yadda ko'ina aka buɗe ba zai motsa ba. Aka kai shago aka fitar da shafi ɗaya. Malam ya ɗaga shi sama ya duba gaba da baya kamar mai duba kuɗin jabu. Ya ce, "Zango ɗaya. In na ga ba daidai ba, kin san sauran."

Kafin in fita Injiniya ya ja mini kunne. Ya ce, "Kada ki ɗauka wannan ba ta kamuwa. Duk mako ki haɗa ta da wayarki ki yi afdet. Kada ki karɓi manhaja daga filashin kowa, sai daga rumbunta na intanet. Kuma kalmar sirri ba sunan Ummi ba." Na ji kunya, don shi na yi niyyar sakawa. Da na isa gida na yanki kwalin sabulu, na ja layuka, na rubuta Juma'a a sama. Ranar Alhamis aikin makarantu uku ya isa cif.

Kwamfutocin shago kuwa Malam ya ce a bar su, sun yi shekaru ba su ce da kowa komai ba. Duk zuwan filash sai in ga wasu baƙin fayiloli a ciki, waɗanda a tawa ba sa iya motsi. In goge, in aika masa saƙo ta bakin Baban Ummi. Amsar kullum ɗaya ce: "Gaya mata ta cika tsoro."

Zango na gaba, ana saura kwana huɗu jarrabawa, ina tankaɗe da hantsi na ji sallama a zaure. Baban Ummi ya fita, ya dawo yana riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Likita, fito, an kawo marasa lafiya." Malam Tasi'u ne da kansa a kan babur, da buhun takardu ɗaure a baya. Kwamfutocin shago uku sun kwanta rana ɗaya, kuma wannan karon Injiniya bai iya ceto komai ba.

Na gaishe shi daga bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ita taki... lafiyarta ƙalau?"

Na ce, "Juma'ar nan ma an yi mata, Malam."

Kwana uku ina bugawa, Inna tana riƙe da Ummi tana yi mata wasa. A rana ta huɗu Baban Ummi ya kawo ni shago da laftof, muka haɗa ta da firinta, takardu suka yi ta fita har la'asar. Babu makarantar da ta ɗaga jarrabawa. A makon aka sauya wa na shago manhaja, babbar kwamfutar da Malam ya sayo daga baya kuma aka saka mata Windows 11 ta asali. Katunan nan da kuke gani, da almakashinsa ya yanka su, ya kuma ce ni zan riƙa dubawa.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan mun fi yarda da abin da muka saba da shi, ko da an daɗe da daina kula da shi. Masu gyara kuma sun fi son sabon da ya fito jiya. Mai aikin mutane a hannu sai ta tsaya a tsakani, ta tambayi abu biyu: ana kula da shi har yanzu? An gwada shi a kan irin aikina? Na kuma koyi cewa ba sai kin yi dogon karatu za ki yi tambaya ba, kuma babba mai mutunci yakan sauko in ya ga gaskiya, ko da sai ya ɗauro buhu a babur tukuna.

Ummi yanzu tana gudu a tsakar gida, ta gama allurorinta, katinta yana cikin akwati. Na kwamfuta kuwa ba a gamawa. Ɗazu da na shigo na duba katin kwamfuta ta biyu, layin makon jiya babu komai a kai. Ba zan faɗi suna ba. Gobe dai Juma'a.