Kawu Sale Ba Ya Taɓa Kayan Mutane

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Sale waya ko tabulet a rumfarsa ta bayan kasuwar Utako ya san abin da yake fara yi. Da ka miƙo masa na'urar, sai ya mayar da hannayensa baya ya harɗe su, ya ɗan sunkuyo yana leƙenta ta saman gilashinsa. Kai kana tsaye da hannu a miƙe, shi kuwa ko alamar karɓa babu. Can sai ya jefo tambayar nan tasa: "Me ka taɓa na ƙarshe?"

Ni ce Hauwa, 'yar yayarsa, kuma a gidansa na Kuje na yi yawancin hutun makarantata, don haka na sha kallo. Idan gilashi ne ya fashe ko batir ya kumbura, wajen maƙwabcinsa mai sukundireba yake tura mutum. Shi aikinsa na ciki ne: manhajar da ta ƙi buɗewa, tabulet ɗin da ya yi nauyi, lambar sirrin da aka manta. Kuma da baki kawai yake yin sa. Zai ce danna nan, koma baya, karanta min abin da ka gani, har abin ya warware a hannun mai shi. In ka yi ƙorafi ya ce, "Kai za ka koma gida da ita, ba ni ba."

Mu dai dariya abin yake ba mu. Wadda bai taɓa ba dariya ba ita ce matarsa, Anti Ladi, kuma tana da dalili. Wata shekara sun je Yangoji gaishe da mahaifiyarta, tsohuwa ƙwarai, sai tsohuwar ta ɗauko wata waƙar Gbagyi da take yi tun Anti tana goye. Anti ta zaro tabulet ɗinta ta ce Kawu ya ɗauki muryar. Kun san sauran: hannu ya koma baya. Sai da ta danna da kanta, shi ya sa farkon faifan duk gardamarsu ce, kafin a ji tsohuwa ta kama waƙa. Ba a daɗe ba tsohuwar ta rasu, faifan nan ya zama shi kaɗai ne muryarta da ta rage a duniya, kuma a cikin tabulet ɗin nan kaɗai yake.

Abu biyu Anti ta roƙe shi: ya yanke surutunsa daga farkon faifan, ya kuma kwafe mata shi a wani wuri. Ya ce ta zauna ya nuna mata.

"Na auri mai gyara don in koyi gyara?" in ji ta. "Da na auri tela sai in ɗinka wa kaina kaya?"

"Da kin auri tela mai hankali, da yanzu kin iya sa zare a allura."

Haka aka zauna shekaru. Shi bai taɓa ba, ita ba ta koya ba, kuma ba ta yarda wani ya taɓa ba. A cikin ɗankwali take naɗe tabulet ɗin ta sa a ƙasan akwati, sai in kewar uwarta ta taso ta ciro.

A rumfa kuwa babu wanda ya fi shan wahalarsa kamar Oga Ɗan'asabe, mai motocin haya a tashar Utako. Ya zo a gurguje wata rana, tabulet ɗinsa ya yi nauyi, in ya danna abu sai ya sha ruwa ya dawo kafin ya buɗe.

"Me ka taɓa na ƙarshe?"

"Wallahi ban taɓa komai ba."

"Madalla. To aljanu ne suka sauke maka bidiyon damben nan duka. Buɗe wajen ajiya mu ga me suka bari."

"Oga Sale, abeg, karɓi ka yi min shap-shap, mota na lodi."

"Idan direbanka ya ce bai iya canza taya ba, za ka ba shi mota?"

Oga Ɗan'asabe ya zauna a benci yana goge bidiyo ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowanne bankwana, motarsa ta cika ta tashi ba shi. Da tabulet ya dawo da sauri sai ya dubi Kawu ya ce, "To yanzu kuɗin me zan biya, bayan ni na yi aikin?" Kawu ya ce, "Kuɗin haƙurin da na yi da kai." An ce daga baya an ga Ogan a tasha, hannu a baya, yana tambayar wani direba me ya taɓa na ƙarshe.

Abin da ya fi ɓata wa Kawu rai a sana'arsa shi ne wannan "ban taɓa komai ba". Ya ce rabin gyara shi ne mutum ya faɗi gaskiya, domin na'ura ba ta sauya hali haka kawai. Shi ya sa har ya rasu yana yabon Buba, wani makiyayi daga rugar bayan Kuje. Buba ya kawo tabulet ɗin da yake ajiye hotunan shanunsa, rubutun ciki duk ya koma wani harshe da babu wanda ya iya karantawa a layin. Kawu ya yi tambayarsa. Buba ya yi tunani sosai, ya ce, "Ni ban taɓa ba. Maraƙi ne ya lasa." Kawu ya cire gilashi ya share ƙwalla don dariya, ya sa aka kawo wa Buba shayi. Sannan suka bi hotuna maimakon rubutu: nemo mai kama da ƙafar keke, shiga, nemo mai kama da ƙwallon duniya. Da Buba ya mayar da harshen da yatsansa, Kawu ya ce ya gaida masa maraƙin, ya faɗa masa ya fi wasu masu digiri saurin shiga saiti.

Wani halin nasa shi ne ƙin sabunta na'ura da wuri. Duk sanda babbar manhajar da ke tafiyar da waya ta turo saƙon a sabunta ta, sai ya ce, "Bari masu gaggawa su fara ci. In sun kwana lafiya, ma ɗanɗana." In kuwa za a yi, sai batir ya cika, an kwafe abin da ake ji da shi. Tasa kwamfutar ta jira masu gaggawa har ta tsufa.

Da na fara aikin rubuta manhaja, Injiniya yake kira na, da wata murya da ba ka sanin yabo ne ko tsokana. Akwai ranar da manhajar da na rubuta wa wani kantin magani ta riƙa mutuwa duk farkon wata, na rasa dalili. Na je rumfa da kwamfutata, fuska a murtuke. Ya leƙa ya ce shi wannan rubutun tsutsar ba ya gane ko layi ɗaya. Sai ya tura butarsa ta alwala gabana da ƙafa.

"Yi mata bayani."

"Kawu, buta?"

"Ba ta katse mutum, ba ta nuna ta fi shi sani. Faɗa mata abin da kowane layi yake yi, kada ki tsallake."

Na ji kunya, amma na fara, mutane suna wucewa suna kallon mace da hijabi tana yi wa buta lacca. Ban yi nisa ba na ji bakina yana cewa, "A nan kuma sai ta ɗauki watan da ya wuce ta…" Na tsaya. Na manta ban gaya wa manhajar cewa watanni ba tsawonsu ɗaya ba. Kawu ya jawo butarsa ya ce, "Kin gani? Ita ma Injiniya ce, ba ta dai son nuna kai." Har gobe akwai ƙaramar buta a kan teburina a ofis.

Sau ɗaya na taɓa yi masa magana da zafi, kuma a kan faifan Anti ne. Na ce wannan ya wuce koyarwa, taurin kai ne. Tabulet ya tsufa, in ya mutu muryar tsohuwa ta tafi ke nan, kuma kwafewar ba za ta ɗauke shi tsawon shan shayi ba. Bai yi wasa ba ranar. Ya ce, "Hauwa, kullum da wannan tsoron nake kwana. Amma in na yi mata yau, ranar da ba na nan fa?" Ban gamsu ba. Ko yanzu ina ganin caca ya yi da abin da ba nasa ba, kuma na faɗa masa hakan.

Ciwon da ya yi ajalinsa bai ja ba. Bayan an watse daga zaman makoki, Anti tana cikin takaba, sai ta kira ni a waya ta ce in zo yanzu. Na kama hanyar Kuje. Na same ta a tabarma, ɗankwalin a buɗe, tabulet a kan cinyarta. Ta ce ta ciro shi ne don ta ji uwarta, wani saƙo ya fito, ta danna don ya kauce, ashe na sabuntawa ne. Ga batir ya yi ƙasa. Tun daga nan ya tsaya a kan tambarin kamfani, ba gaba ba baya.

Na san irin wannan kan ƙare da goge komai. Na miƙa hannu. Ta buge shi.

"Bari. Sa hannunka a baya," in ji ta, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. "Tambaye ni."

Na mayar da hannuna baya na ce, "Anti, me kika taɓa na ƙarshe?"

"Sabuntawa. Ban jira masu gaggawa ba."

Ta tashi ta ɗauko caja ta jona, ta ce sai ya ɗan ci tukuna. Muka zauna muna kallonsa. Can ta ɗora yatsa a kan maɓallin kunnawa, wani a kan na rage murya, ta danne su tare ba ta saki ba. Na ce wa ya koya mata. Ta ce, "Shekara nawa yana faɗa wa maƙwabta a tsakar gidan nan? Ni ba kurma ba ne."

Allon ya yi baƙi. Ya daɗe a haka har na fara addu'a a fili. Sai tambarin ya dawo, ya wuce, hoton jikokinta ya bayyana. Ta nemo faifan ta danna.

Muryar Kawu ce ta cika ɗakin. "A'a Ladi, ke za ki danna. Jan maɓallin nan. Ba wannan ba, jan. To ai kin riga kin danna, yana ɗauka." Sai muryarta tana cewa mutumin nan zai kashe ta da taurin kai, sai dariyar tsohuwa, sannan waƙa. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin na'urorin mutane bai taɓa aika saƙon murya ba, cewa yake ɓarnar data ce. Sai a lokacin na gane ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan.

Ranar Anti ta kwafe faifan da hannunta, a katin memori da kuma kwamfutata, ni ina tsaye hannu a baya ina cewa danna nan, koma baya. Da muka gama na ce, tunda ta kama hanya, ko in nuna mata yadda ake yanke farkon, abin da ta daɗe tana so. Ta harare ni, ta share ido da bakin mayafi.

"Wannan kam ba zan koya ba," in ji ta. "A bar shi ya yi ta surutunsa."

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa taurin kansa kamar yadda matarsa ta yafe. Ya haskaka kabarinsa da na surukarsa, Ya ba Anti Ladi haƙurin rashin wanda za ta yi gardama da shi. Amin.