Kwantaccen Cikin da Ya Kusa Cinye Mini Ido

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu tambaya ko takaba ce har yanzu, ta ƙare tuni. Jinya na yi, kuma gara ku ji daga bakina.

Bayan rasuwar Malam al'adata ta ɗauke. Na ce baƙin ciki ne. Sai ciwon kai ya biyo baya. Wata safiya ina shirin tafiya makarantar da nake koyarwa a Safana, na ga gaban rigata ya jiƙe. Ruwan nono ne, ni da autana ya kusa gama sakandare.

Labari ya kai Wagini wajen surukata, Inna. Ta hau babur ta zo tana kuka tana hamdala: kwantaccen ciki ne, ɗanta ya bar mata wani jikan. Aka dakatar da rabon gado, aka shiga aiko mini da jiƙe-jiƙen tada ciki.

Na yi gwajin fitsari, babu. Na yi hoton ciki, wayam. Aka ce ai kwantacce ba ya fitowa a na'ura.

Inna ban ga laifinta ba, uwa ce da ta binne ɗa. Wanda har yau nake jin zafinsa wani ma'aikacin lafiya ne. Na zayyana masa komai, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Hajiya, shekaru ne." Shekarun wa ke kawo nono?

A kasuwar Batsari na gane ba lafiya. Mai babur ya fito ta gefena, ban gan shi ba sai da ya kayar da ni. Gaba ina gani tar, gefe da gefe duhu, kuma kullum duhun na matsowa.

Likitar ido a Katsina ta sa aka ɗebi jinina, ta tura ni Kano hoton ƙwaƙwalwa. Saniyar da na gada wajen babana ta tafi a nan. Cikin injin, ga ƙara kamar ana daka a kaina, ba mutuwa nake tsoro ba. Tunanina wa zai riƙa karanta mini littafi.

Ƙari aka gani a fituwitari, wani ɗan abu kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, ya kumbura ya danne jijiyar gani.

Da likitan Kano ya rubuta mini magani, na ce masa ba zan haɗiyi komai ba sai na san aikinsa, na sha isasshen jiƙo a makance. Ya yi dariya ya gyara zama. Ya ce ƙwayoyin halittar fituwitari da ke ba da umarnin yin nono suna da wata 'yar kafa a jikinsu. Sinadarin dofamin ne ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ya zauna a kafar, sai wani ɗan aike na cikin ƙwayar, wanda suke kira cAMP, ya lafa, aiki ya tsaya. Nawa sun hayayyafa sun fi ƙarfin mai tsawata musu.

"Amma kafar na nan, Malama. Maganin nan a kanta zai zauna."

Na koma gida na karanta, na tarar haka ne.

Maganin ya ba ni jiri da tashin zuciya, har a zaune nake salla. Watanni ina jigilar gwajin jini da na ido. Nono ya ƙafe, ƙarin ya motse, ba a kai ga tiyata ba. Idon dama ya dawo. Gefen na hagu ya tafi ke nan, likitar ido ta ce an makara.

Da kaina na je Wagini na faɗa wa Inna babu jika, ƙari ne a kaina. Ta tambaye ni ko abin da ke kaina yana da rai. Na ce a'a.

"To ki sha maganinki, ɗiyata. Ɗaya na rasa, ba ni rasa biyu."

Alhamdulillahi. Na gode wa likitocina, da malaman makarantarmu da suka riƙe mini aji, da Inna.

'Yan uwa mata, in al'ada ta ɗauke, nono ya zo babu goyo, gwaji ya ce babu ciki, ku nemi a auna sinadarin nono a jini, furolaktin sunansa. Ku rufe ido ɗaya ku duba ko kuna ganin gefe. Wanda ya ce muku shekaru ne bai ɗago kai ba, ku tashi ku nemi wani tun kuna ganin hanya.