Rami Tara a Jikin Bishiyar Tsohuwa

Shekara huɗu na yi ina kula da wata tsohuwar Baturiya a arewacin Bronx. Kullum da safe in taso daga Mount Hope a bas, in yi mata wanka, in ba ta magani, in tura kekenta bakin tagar kicin. Nan take wuni tana kallon wata ƙatuwar bishiya a bayan gida, irin wadda suke kira mepul, mai ruwa da ɗan zaƙi. Ta ce sa'ad da mijinta yake da rai, duk ƙarshen hunturu, in dare na daskarewa rana kuma tana ɗan saki, yakan huda mata rami ɗaya tak, ya sa ɗan bututu, ya rataya bokiti, ruwan da ya taru ya dafa shi ya zama maɗi. Da shekara ta zagayo sai ya matsa nesa da tsohon tabon.

Ban yi mamaki ba. Mahaifina ƙaro yake tarawa a dajin Damagaram, tun ina yarinya na san itace ma yana da iyakar raunin da zai ɗauka.

Sai ga surukinta, mijin 'yarta, wata Asabar cikin Fabrairu. Ya sha rigar 'yan daji da manyan takalma, sababbi fil, ga gemu an shafe da mai, hannu kuwa laushi kamar na jariri. Ya kalli bidiyo biyu a waya, shi ke nan ya zama gwani. Ya fito da injin huda mai baki kamar babban yatsana.

Na leƙa ta ƙofar baya na ce, "Yallaɓai, marigayi ɗaya yake hudawa."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Marigayi ba shi da kayan aiki ne. Ke je ki duba Mama."

Na koma ciki, ni da ita muka ƙirga ta taga. Tara. Ya jera su a layi ɗaya kewaye da gindin, kamar mai yi wa ƙwarya zane, kowanne ya zurma ƙarfen har ƙarshe. Tsohuwa tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki magana ke mata wuya. Ta dai riƙe hannuna, tana cewa, "Ya isa. Ya isa." Da na fita na faɗa masa, sai ya ɗaga mata hannu yana dariya, wai murna take yi.

Ruwan ya zuba kam, fari tas kamar na famfo. Abin da bidiyon bai shigar masa a kai ba shi ne sai an tafasa bokiti wajen arba'in sun ƙafe kafin a sami ɗaya na maɗin. A kicin ya ɗora tukwane, tururi ya cika gidan har takardar bango ta fara saɓulewa, ni ce da goge-goge. Tukunyar ƙarshe ya tafi amsa waya ta kama. Abin da ya tsira kwalba biyu ne ƙanana, masu ɗacin ƙauri. Ya ɗaura musu zare a wuya, ya yi ta ɗaukar hoto.

Da ya zare bututun, maimakon ya bar raunin ya sha iska ya rufe da kansa, sai ya toshe ramukan da turaku ya shafe da fenti. Wai ya yi wa bishiyar magani. Danshi ya kwanta a ciki. Da bazara ganyen saman ya fito ƙanana, wasu rassan ko toho ba su yi ba. Ɓawo ya tsage daga rami zuwa rami, baƙin ruwa na tsatsowa. Duk da haka da Fabrairu ta dawo ya ƙara shida a ƙasan na bara. Rabinsu ko ɗigo ba su bayar ba. Ya ce laifin yanayi ne.

A shekara ta uku wani babban reshe ya faɗo kan shingen maƙwabta, dole aka kira masu sara. Ranar na juya keken tsohuwa na kai ta falo, na ƙara ƙarar talabijin, amma ƙugin zarto ya fi ƙarfinta. Ba ta taɓa abincin rana ba.

Shugaban masu saran ya kira surukin ya nuna masa gindin da aka yanke. Kowane rami ya bar baƙin tabo mai tsawo a cikin itacen, sama da ƙasa, tabban sun haɗe sun zama zobe. Ya ce masa nan duk mataccen itace ne, ruwa ba ya bi, bishiyar shaƙe ta aka yi.

Mutumin nan ya durƙusa, ya shafa baƙin zoben da tafin hannu. Na ce a raina, to, yau dai kunya ta kama shi. Sai ya ɗago ya ce, "Kai, dubi kyan zane! A yanko mini faifai ɗaya, tebur zan yi da shi."

Ni ya roƙa in riƙe masa ƙofar mota ya saka.