Wayar da Ta Raba Ni da Ladanci

A lokacin ni ne ladanin masallacin unguwarmu a Gwarzo, kuma ina aiki da wani kamfanin sayen hatsi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma saboda an san ni da tsoron haram suka ba ni kwamfuta a shagona ina shigar da awon dawa da geron da manoman Getso ke kawowa. A cikinta akwai VPN, wata keɓaɓɓiyar hanya da ke kai ni cikin na'urar kamfanin da sunana, kuma duk inda na leƙa a intanet ta nan nake bi. Ni mutum ne mai wasiwasi, ko rufe shago na yi sai na dawo na sake jan kwaɗon.

Yayan matata ya taso daga Kabo ya kama shagon da ke jikin nawa, yana tura wa mutane finafinai a waya. Wata rana ya shigo da shuɗiyar wayar haɗa kwamfuta a naɗe, ya ce data ta yi masa tsada, in bari ya jona kwamfutarsa da tawa. Na ce ina tsoro, kayan amana ne. Ya yi dariya ya ce ashe Malam Ladan zai hana surukinsa abin da ba ya ƙarewa, alhali shi ya ba ni ƙanwarsa sukutum. Kunya ta rufe ni. Da kaina na riƙe masa tsani ya zura wayar ta saman bango, ya cusa bakinta a gefen kwamfutata, ya shiga saiti ya danna wurin raba hanya. Ko sau ɗaya ban tambaye shi me yake saukewa ba, don kada ya ce na zarge shi.

Ranar da manajanmu ya zo, a gaban masu awo ya ce an ga finafinan batsa suna bi ta hanyar kamfani da sunana, har a lokacin azahar. Ya ɗauke kwamfutar. Kafin la'asar maganar ta isa masallaci, dattawa suka ce in ɗan huta da kiran salla. Har yau hutun nake.

Da aka tara dangi, Yayan matata ya ce shi bai san zancen ba, wataƙila shaiɗan ne ya rinjaye ni. Na ɗauko Alƙur'ani na ce ya dafa. Ya ce ba shi da alwala. Na miƙa masa buta, sai ya ce waya ake masa, ya fita bai dawo ba. Duk da haka Inna, surukata, ta ce in rufa asiri don zumunci, aka tashi ba wanda ya je ya wanke ni a masallaci.

Na tambayi malamina ko na yi zunubi in na kai ƙararsa wurin Allah. Ya ce addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki, amma yafiya ta fi. Na zaɓi ta farko. Duk sanda na ji wani na kiran salla a lasifikar da na saba riƙewa, sai na ce Allah Ya isa, kuma ina roƙon kada ya mutu sai ya faɗi gaskiya da bakinsa a gaban sahu.

'Yan uwa, duk abin da aka buɗe da sunanku kada ku bar kowa ya bi ta ciki, ko suruki ne. Da na daure na ce a'a, da gaba ce ta ɗan lokaci tsakanina da shi. Yanzu 'ya'yana ne ke sunkuyar da kai in an tambaye su me ya hana babansu kiran salla.