Neman Maganin Farin Ƙwaron Ƙerana, Daga Tibiri Zuwa Jiratawa

Asabar: Maradi zuwa Tibiri

Muna idar da sallar asuba muka fito daga gidanmu na Sabon Gari, ni da Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin maigida. A kaina akwai ƙwarya rufe da faifai, a cikinta ganyen ƙerana guda ɗaya mai cuta.

Garkarmu ta bayan gida, wadda ke ba mu kuɓewa da yakuwa, shingenta ƙeranar nan ce mai faɗi kamar tafin hannu, irin wadda Nasara suka dasa a bariki. Ita kaɗai ke tsakanin miyarmu da awakin maƙwabta. Kwatsam wani farin abu kamar kaɗa ya lulluɓe ta, ganye ya yi ta zuba. In an murje abin, sai ja ya fito kamar jini. Na ce ƙwaro ne mai tsotse ruwan ganye, na ga irinsa a littafi a lakwal, makarantar boko. Gwaggo ta ce ƙwaro ba ya jinin mutane, iskoki ne suka sauka, sai ƙawarta Magajiya ta Tibiri, uwar 'yan bori, ta gani. Maigida na kanti, lokacin cinikin gyaɗa ne, ya ce in raka ta.

Kamiyon gyaɗa muka samu, direba ya ɗora mu bisa buhuna. A bakin gari jandarma ya tsayar da mu. Ya hangi ƙwarya, ya yi zaton dawon fura ne, ya cusa hannu ƙarƙashin faifai ba bismilla. Ya zaro shi cike da ƙaya, jawur. Da ɗaya hannun ya ce mu wuce. Tausayinsa ya kama ni, na ɗaga murya na ce ya manna kakin zuma ya fizge, ban san ko ya ji ba.

Da hantsi muka sauka. Magajiya ta tarbe mu da fura mai sanyi, ta dubi ganyen, ta ce sai an zubar da jinin baƙar akuya. Na ce a raina in ta maƙwabta ce na yarda, sannan na yi istigfari.

Suna cikin wannan shawara, matan gidan suka gano cewa jan yana kama farce da leɓe. Kafin azahar an yanyanka ganyen, kowace ta ɗauki gutsure za ta maƙala a shingenta ya hayayyafa. Na roƙe su don Allah su bari.

"Ke dai 'yar lakwal rowa gare ki," in ji Magajiya, tana busa yatsunta su bushe.

Nan muka kwana, tuwon gero da miyar kuka. Wata mai sayar da taba ta ce mana masu garka a Jiratawa sun sha fama da abin, mu nemi surukinta Ɗan Baro.

Lahadi: Jiratawa

Hanyar Jiratawa ta Maradi take bi. Mun wuce ta bakin lungunmu, Gwaggo ta hana ni leƙa 'ya'yana, wai wanda ya taka gida ya karya tafiya. Muka bi ayarin jakunan masu taba, gefen gulbi, ni a ƙasa, ita a sama tana yi wa jakin faɗa.

Ɗan Baro tsoho ne, Anne mai bin addinin gargajiya, muka iske shi yana ban ruwa. Yana ɗaga faifai ya ja da baya.

"Aradu wagga ƙwarya ba ta shiga garkata."

Ya sa muka kakkaɓe zannuwanmu can nesa, don ƙananan ƙwarin suna rarrafe su bi tufa. Ya haƙa rami ya binne gutsuren da ya rage, har da ƙwaryar, Gwaggo na salati, don ƙwaryar aurenta ce. Da ta kawo zancen akuya, ya ce shi ma yana yi wa iskokin gidansu yanka, amma bai taɓa ɓata musu lokaci a kan ƙwaro ba. Ya ce ganyen da ƙwaron ya ci sosai a sare a ƙone. Sauran a jiƙa taba da sabulun salo su kwana, a goge da tsohuwar tsintsiya, a maimaita kowace Juma'a har fari ya ƙare.

Na tambaya ko ana iya kawar da su ba a kashe ba. Ya daɗe yana dubana, ya tambayi Gwaggo ko lafiyata lau. Da na ba shi labarin Tibiri, ya yi dariya har ya zauna a bakin rijiya, ya ce bana tabarsa ta yi kasuwa. Ya ba mu damin ganyen taba, matarsa ta ba mu ɗaki da dafaffen rogo.

Litinin: gida

Da azahar muka iso. Maigida ya ɗauki adda ya sare duk abin da ya lalace, ni na jiƙa taba da sabulu suka kwana, washegari na goge sauran, ina neman gafara a kan kowane ja da ya zuba. Da aka gama, sai ga kafa a shinge, wadda raƙumi zai wuce da kayansa. Awaki suka jeru suna kallo.

Gwaggo ta shiga ɗaki. Ta ɗauko tabarma, buta, tasbaha da sanda, ta zauna a tsakiyar kafar. Can take sallah, can ake kai mata tuwo. Yanzu, bayan 'yan makonni, sabon ganye ya fara fitowa kore shar, ba ɗigon fari, kuɓewa kuma ko ɗaya ba a taɓa ba.

Alhamdu lillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Allah Ya saka wa Magajiya da furarta, da Ɗan Baro da tabarsa, Ya ƙara wa Gwaggo ƙarfin baya, don kafin ganyen nan ya haɗe, ita ce shingenmu.