Garin da Ke Bayan Motar Alhaji

Har gobe ban manta da ranar kasuwar nan ta Sabon Birni ba, a shekarun farin da ya cinye dabbobi. Lokacin ina koyon zanen mota wurin ubangidana, Bawa Mai Fenti.

Wani ɗan kasuwa ya kawo masa tsohuwar kalanda daga Nijar, mai hoton ƙauye a gefen tudu. Da ita ya koyar da ni. Sama ake fara shafawa, sannan tudun nesa da shuɗi mai haske. Gidaje su riƙa ƙanƙancewa suna hawa, ciyawa ita ce ƙarshe. Na ɓata kwalaye ba iyaka, yana cewa tuduna ya fi kama da tuwon da ya kwana.

Da hannuna ya faɗa, ya ba ni bayan babbar motar wani Alhaji in zana ƙauyen nan. Kai, na zuba kore! Na ƙara rafi da shanu masu tozo, waɗanda ma babu a kalandar. Mutane suka taru a tasha, ni kuwa sai hura hanci nake.

Sai ga wani dattijo makiyayi daga wajen Kurawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, kai ka yi wanga?"

Na ce, "Ni na, Baba."

"To ka san wurin ke nan. Kwana nawa na zuwa can in da shanu? 'Yan kaɗan sunka rage min, za ni kora su can tun suna iya tashi."

Yaran mota suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba, amsa yake jira. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Baba, daga takarda na gani. Ban san inda yake ba. Rafin ma ni na ƙara."

Ya sake duban shanun nan masu ƙiba. Ya ce, "Ashe. To, Allah shi yi ma hannu albarka." Ya gyara sandarsa a kafaɗa ya tafi.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: zanenmu ba a ɗaki yake zama ba, titi yake bi, kuma ba kowa ke kallonsa don ado ba. Ranar na karɓi yabon aikina na farko daga bakin mutumin da na aika gida ba labari.