Hutun Namsa da Aka Shirya da Ni

Malam, maigidana, ya rasu a ƙarshen sanyi, aka binne shi a nan Riyad ta Saudiyya. Ban je maƙabarta ba, mata ba sa zuwa. Abin da na sani kawai katangar ce, doguwa mai launin ƙasa, wadda muke wucewa idan za mu unguwar Badi'a. Duk lokacin da mota ta bi ta wurin nakan yi masa sallama a zuci. Ban nemi komai ba bayan wannan, a dai bar ni a garin da yake kwance.

Sai dai iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, a kan tasa take tun zuwanmu daga Damagaram ina yarinya. Da ya tafi sai ta rasa madogara. Ɗana na fari, wanda muke zaune tare a unguwar Malaz da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, ya ce zai mai da ni kan kafalarsa, wato takardata ta koma ƙarƙashin tasa. Ba ni ya gaya wa ba. Matarsa ya gaya wa, ita ta kawo mini, don haka muka saba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta tsare shi da tambaya. A nan aka haife shi, Larabci ya fi masa sauƙi a baki, amma ya tashi ya tarar da wannan kunya kuma ya riƙe ta. Yakan shigo ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe.

Ina cikin takaba surukata ta shigo ɗakina da shayi, ta zauna a bakin gado.

"Umma, in kin fita za mu tafi hutu Namsa. Ɗan gajere ne, mako guda. Ki sha iska."

Namsa ita ce Austriya, haka ake kiranta a nan. Na sha jin matan unguwa suna labarinta idan zafi ya kama, wai can ruwan sama ake yi lokacin da mu ko ƙarfen ƙofa ba ma iya taɓawa. Na ce mata ni da nake makoki ina ni ina yawo. Ta ce ai ba yanzu ba ne, kuma yara sun ce ba za su ba sai da Jadda, wato Kaka, haka suke kirana. Daga nan ta ce in ba ta fasfo ɗina, za a haɗa a nemi biza. Na ɗauko na ba ta.

Kullum bayan la'asar sai a taru a falo, ta haɗa wayarta da talabijin, ƙasar ta fito mana kore shar. Da farko daga bakin ƙofa nake leƙe. Daga baya na fara zama. Babbar jikata ta kafe sai Biyana, babban birninsu, tana son fadar sarakunansu da kantuna. Ƙaramar ta ce ita ƙanƙara za ta taɓa a kan dutse, a hau 'yar motar nan mai tafiya a kan igiya.

"Jadda ba za ta hau ba," in ji babbar. "Ko lif na hawa bene ta shiga, salati take yi."

Na ce mata, "Ke da kike kuka in an kashe fitila? Ni zan riga ki hawa."

Uwarsu ta ce za a sauka a Munik ta Jamus, a kwana, a wuce Salzbag, sannan a raba sauran kwanakin. Ni na ce kada a raba. Mako guda ba ya ɗaukar gari huɗu, sai mutum ya dawo bai ga komai ba sai akwatinsa. Ta nuno wani ƙaramin gari a bakin tafki, duwatsu sun kewaye shi, na ce a zauna a nan, a bar Biyana sai wani jiƙon. Babbar ta yi fushi, ta yi ta gunaguni da Larabci, amma maganata aka bi. Na ce a hau jirgin ƙasa maimakon hayar mota, saboda gwiwoyina. Na ce a nemi masauki mai kicin. Da aka gaya mini rana ba ta faɗuwa da wuri a can, na sa aka duba mini lokutan salla.

Ɗana kuwa yana can ƙarshen kujera da kofinsa. In ina da tambaya sai in jefa ta a tsakar falo. "A tambaya mini ko akwai masallaci a garin." Sai ya ce wa matarsa akwai, ita ta ce mini akwai.

Na soma cin abinci a kwanakin nan. Na daka yaji na tafiya. Na ce zan yi dambun nama, surukata ta yi dariya ta ce ba a shiga musu da nama, kare ne ke shinshina kaya a filin jirgi. Ran nan na yi dariyar da ban yi ba tun rasuwar.

Wata safiya suka shirya su huɗu, wai za su je a ɗauki hoton yatsunsu saboda biza. Na tambayi surukata ni fa. Ta gyara wa ƙaramar ɗankwali, ba ta dube ni ba, ta ce tsofaffi ba sa buƙata. Na yarda. Da a ce ɗana na biyu ne, da na kira shi na ce ya nuna mini. Wannan kuwa ba na tambayarsa.

Bayan na fita takaba da 'yan kwanaki, ina gida ni kaɗai da hantsi, sun tafi sayen rigunan sanyi, aka buga ƙararrawa. Wani mutumin Maraɗi ne mai aika kaya gida, na san muryarsa, ya sha zuwa wajen Malam. Ya yi mini ta'aziyya ta bayan ƙofa, sannan ya ce:

"Hajiya, gobe aka ce in zo, to na biyo ta layin ne. In ga yawan kayan, in san kwali nawa zan kawo."

"Wane kaya?"

"Naki mana, na Damagaram. Ɗanki ya ce har da keken ɗinki. Gara su riga ki tafiya, kin san hanya. Allah ya kai ki gida lafiya, Hajiya, zaman ya yi albarka."

Na ce masa ya dawo goben kamar yadda aka ce. Na koma na zauna. Ban yi kuka ba. Na yi azahar, na yi la'asar.

Da aka taru a falo, surukata ta ɗauko waya za ta haɗa, na ce ta bari, yara su shiga ciki. Na juya na dubi fuskar ɗana. Na daɗe ban dube ta haka ba, har furfura ta fara masa a gemu.

"Kai nake tambaya. Ina za ni?"

Ya fara da Larabci, da sauri, yana kallon kafet.

"Yi mini da Hausa."

Ya ce an ƙi mai da ni kan kafalarsa, tun farkon takabar aka ƙi. Ya bi duk ƙofar da ya sani, bai samu ba. An riga an buga mini fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Jirgina zai tashi kafin nasu, ƙanena zai tarye ni a Yamai. Ashe shi ma ya sani.

"Namsa fa?"

Matarsa ce ta amsa. Tafiyar gaskiya ce, tun Malam na da rai suka tsara ta, su huɗu.

"Fasfo ɗin nake buƙata a lokacin don a buga fitar, Umma," in ji shi. "Kuma ba a gaya wa mai takaba irin wannan. Sai na ga kin fara cin abinci, na kasa."

"Ba ka ji tsoron in gane ba?"

Ya ce, "Na san ba za ki tambaye ni ba."

Wannan kalma ce ta zauna mini. Hukumar ƙasa ba ta yi mini alkawarin komai ba, ban riƙe ta ba. Amma kunyar da na yi masa tun yana zanin goyo, girma ce na ba shi, kuma da ita ya rufe mini ido. Da an gaya mini tun farko, da na yi kukana a lokacinsa. Da na yi waɗannan watannin ina sallama da ɗakin da muka zauna, ina ware kayan Malam da hannuna, ba ina gardamar tafki da yara ba.

Ya ce za su fasa tafiyar. Na ce a'a, a kai yaran, su ba su yi mini ƙarya ba.

A filin jirgi ya durƙusa a gaban mutane, ya ce in yafe masa. Layi na tafiya, ma'aikaci na miƙo hannu. Na ce na yafe, don uwa ba ta hawa jirgi da wata kalma ba wannan ba. Har yau bayan kowace salla ina roƙon Allah ya sa abin da na faɗa ya zama gaskiya.